Jan Dutse Cikin Shuɗi

Inna Ige ba ta ganin kafar allura yanzu.
Yana ta rufe ido ɗaya, ɗayan yana bin sahu,
amma yatsunta sun haddace saƙa
kamar yadda ƙafa ke haddace hanyar rijiya.
Ni ce idonta. Aikina zura duwatsu.

Ran Juma'a na ratsa kasuwar Jega,
na wuce buhunan albasar Aliero, na wuce masu tonka,
na iske Bagudu a rumfarsa ta koli.
Ya auna mini duwatsu da murfin kwalba,
shuɗi uku, fari biyu,
ya zuba mini gyaran ƙyalli,
'yan faya-fayan nan masu huda a tsakiya,
kamar ɓawon kifin Gindi in rana ta haska shi.

Ƙa'idar Inna ba ta canzawa:
a zura dutse a zare tun ba a ɗaura saƙa ba,
kuma a zura shi a juye.
Wanda ya shiga ƙarshe shi ke fara hawa hula,
na farko ya zauna can kusa da dunƙulen ulu,
ana tura shi baya, ana tura shi baya,
sai an kai ƙoli a tuna da shi.
"Awa ɗan fari," in ji ta, "shi ka haƙuri."

Na ƙirga ɗari biyu da tara
sai akuyar maƙwabta ta faɗo ta dangar kara,
ta ture gwangwanin madara,
duwatsu suka watse, kaji suka yi wawa.
Har magariba ina tankaɗe ƙasa da rariya,
na ƙarasa zuri da fitilar waya, ido na yaji.

Kwana biyu kibiyoyin saƙa suna gaisawa,
ƙis, ƙis, ƙis, ƙarƙashin dalbejiya.
Kowane madauki na huɗu
ta turo dutse da babban yatsa, ta ɗaure masa ƙugu,
ya zauna daram a fuskar hula.
A layi na sha bakwai hannunta ya tsaya.

Na duba. Ja ne.
Ja guda ɗaya tsakiyar shuɗi, kamar wutar kara a bakin gulbi.
Na ce mu warware. Na ce ko in fasa shi da haƙori,
zare ba zai ji ba, mai hula ba za ta sani ba.
Ba ta tanka ba. Tana murza shi, tana murza shi.

"Wanga na da kusurwa shida," ta ce.
"Ba a kawo irinai tun kuɗin takarda na da daraja.
Na hularki ne, wadda ni saƙa ina da cikinki.
Arba'in ni saye, talatin da tara ni ɗaura,
guda ya ɓace min cikin gwangwani.
Bar shi nan. Ya jima shina jira."

Ƙyallin ni na ɗinka, bayan an gama,
kowane faifai da ƙaramin dutse a kansa ya danne shi,
ƙulli biyu a ciki, na uku don tsoro,
don jariri ba ya tambaya, baki yake kaiwa.
Inna ta bi su ɗaya-ɗaya da farce tana ja.
Biyu suka motsa. Na sake.

Ran Asabar aka raɗa wa yarinyar Shafa'atu.
Mata suna karɓarta hannu zuwa hannu,
hula na watsa 'yan taurari a bangon ɗaki.
Wata ta ce, wannan jan fa, na kambun baka ne?
Uwar jego ta ce ita ma shi ta fi so.

Inna ba ta ƙara ko sisi a kan ciniki ba.
Da muka dawo ta girgiza gwangwani kusa da kunne,
ta miƙo mini, ta ce in ƙirga saura.